Amalanken Jami'a da Masu Aro

Ni dai ba mai fita ba ce. Ko lokacin da ƙafafuna ke da ƙarfi, in aka ce ga biki ko a nan Malisa kusa da mu, sai in fara neman dalilin da zai zaunar da ni. Abin da na sani na duniya, yawancinsa ta bangon zaurenmu ya shigo mini. Ɗakin girkina da zauren bango ɗaya suka haɗa, kuma akwai wata 'yar kafa can sama da aka bari don hayaƙi. Maza na can suna magana, ni ina nan ina tuƙa tuwo, ba abin da ke wuce ni. Ta nan na ji maganar amalanken jami'a tun ranar farko.

Lokacin ba a kai ga yanke mana jiha daga Sakkwato ba. Maigidana manomi ne kamar kowa a Gwandu, amma da an zuba gero a rumbu sai ya ɗaure kaya ya shiga mota, ya yi kurmi cin rani. Can ya koyi walda wurin wani mai yin ƙofofi. Ba ya dawowa sai hadari ya fara haɗuwa. Wannan tafiya ita ce abin da na fi ƙi a zaman aurena. Ba maganar yunwa ba ce, yakan aiko da abin da ya samu. Gidan ne ke mutuwa. Zaure ya koma makwancin awaki, ni da Inna, uwar mijina, mu wuni muna kallon juna. Cikin 'ya'yana akwai waɗanda ba ya nan aka haife su, sai labari aka kai masa.

To, wata shekara bayan kaka, yana cikin shirin tafiya, sai mota ta tsaya ƙofar gida. Na ji sallama da Hausar mutanen gabas, irin ta rediyo. Malamin jami'a ne, Injiniya ake ce masa, wai an gaya masa akwai mai walda a unguwar. Ya ce a wurin aikinsu sun daɗe suna bincike kan yadda manomi ke kai kaya gona da yadda yake kwaso su. Sun bi jakuna, sun bi hanyoyin rairayi, har suka fito da wani amalanke marar nauyi wanda jaki ɗaya zai ja. Tayoyinsa tsofaffin tayoyin mota ne masu faɗi, ba sa nutsewa cikin yashi, kuma abin da ake ɗaura wa jakin ba ya yi masa miki a baya.

"Mu bincike muka iya, ba mu iya kasuwa ba," in ji shi. "Abin yana can harabarmu, kaji na kwana ƙarƙashinsa. So muke mai sana'a ya karɓa, ya riƙa yi yana sayarwa. Ranar da ya zama sana'ar wani, mu mun gama namu."

Ya ce za su koya masa, su ba shi injin walda da janareta, da wani firam na ƙarfe da ake jera ƙarafa a kai, don kowane amalanke ya fito daidai da ɗan'uwansa. Duk wanda aka sayar za a manna masa 'yar alamar jami'a, wani ɗan kaso ya koma musu. Amma akwai sharaɗi. In har wata kaka ta zagayo abin bai zama ciniki ba, za a ɗauke injin a kai wani gari.

Duk wannan bayani, abu ɗaya na ji a ciki: maigida ba zai tafi kurmi ba. Tuwon ranar gudaji ya yi, Inna ta tambaye ni ko da ƙafa na tuƙa shi.

Maigida ya je ya yi 'yan makonni wurinsu, ya dawo da injin a bayan mota. Aka kafa rumfa jikin katangarmu. Ƙarar janaretan nan ta hana kaji sakewa, ta hana Inna barcin rana, amma ni daɗinta nake ji, don muddin tana tashi na san inda mijina yake. Da ya gama na farko Injiniya ya zo ya duba, ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa nan ya ƙwanƙwasa can, ya ce ya yi.

"Wannan na gwaji ne," ya ce. "Duk wanda ya nema, ka ba shi ya gwada. Wanda ya ga amfaninsa da idonsa, da ƙafarsa zai zo ya ce a yi masa nasa."

Magana ce ta hankali. Ni ma da nake bayan bango na gyaɗa kai.

Wanda ya fara zuwa taubashin maigida ne, mutumin da bai taɓa shigowa zaurenmu da magana mai daɗi ba.

"Kai maƙerin bature, wanga abu na tafiya na, ko na kallo?"

"Shina tafiya. Raggaye dai na ba shi ɗauka."

"Shi ya sa taki zan aza mai, ba kai ba. Miƙo igiya."

Ya tafi da shi wurin Fulanin da ke zaune bayan gari, inda shanu ke kwana. Takin da yakan yi kwanaki yana jigila da mangala a bayan jaki, kafin azahar ya gama kai shi gona. Ya dawo yana cewa abin ba laifi, wanda ya yi shi ne dai Allah ya shirya. Kafin mako ya zagayo, ba wanda bai ji ba.

Daga nan amalanke bai sake wuni ƙofar gidanmu ba. Ya kwaso rake daga fadama, ya kwaso jar ƙasa ta yaɓe, ya kai kara, ya kai marar lafiya asibiti an shimfiɗa masa tabarma. Har daga Kambaza aka zo, wai ɗan'uwan surukin wane ne. Tun da sassafe zaure ke cika, ana gardamar wanda ya riga wani.

A nan ne ya kamata in yi bayani, don yaran yanzu ba su san yadda aro yake a wancan lokaci ba. A wurinmu duk abin da ba cinye shi ake yi ba, na aro ne. Tsani, turmi, babbar tukunyar biki, galma, har sirdi. Kuma ba wai rashi ne kaɗai ke sa a yi aron ba. In maƙwabcinka na da tsani, kai ma kana da tsani. Ranar da ka je ka sa aka yi maka naka, tamkar ka tsaya bainar jama'a ka ce ya taɓa hana ka ne, ko ya ba ka yana ɓata rai. Na ji wannan da kunnena. Wani mai hali, wanda in ya so sai ya sayi amalanke har da jakinsa, yana zaune a zaure wani ya ce masa, "Alhaji, kai kam ai sai a yi maka naka." Ya ce, "Subhanallahi! In sa a yi mini, mi za a ce? A ce yaron ga ya hana ni? Ni da ubanai munka tashi." Maigida na wurin. Na ji ya ce, "Haba Alhaji, ai naka na." Me zai ce in ba haka ba?

Kuma ba a maido abin aro hannu sake. Mai albasa ya aiko da albasa, mai rake ya aiko da rake, matan Fulani su shigo da nono da man shanu su ce na jaki ne, mu yi dariya. Ban taɓa ganin madafina ya cika kamar ranin nan ba. Mata na shigowa, wai sun zo yi wa mazansu kamun rana, daga nan hira ta ɓarke har la'asar. Mijina na gida, zaure na da mutane, cikin gida na da mutane. A ganina abin ya gama yin kyau. Na manta ma akwai wani sharaɗi.

Injiniya ne ya tuna mana. Ya zo ana gab da shuka, ya zauna, aka kai masa fura.

"Nawa aka sayar?"

"Ko ɗaya, Injiniya."

"Ba su so shi ba ke nan?"

"So? Yanzu haka ban san inda shike ba. Tun safe anka fita da shi, kuma akwai masu jira har jibi."

"To, cikin masu jiran ba wanda ya ce a yi masa?"

"Ai ga shi akwai."

Na ji baƙon ya ajiye ƙwaryar fura. Can na ji ya yi wata 'yar dariya wadda ba ta jin daɗi ba.

"A garinmu ma haka za a yi," ya ce. "Kuma ni na ce ka ba su."

Ya ce shi kam ransa ya yi fari da jin abin na aiki, don shekarunsa a kai ba su tafi banza ba. Amma manyansa ba wannan za su tambaye shi ba. Su abin da suka sa gaba shi ne kayan bincike ya fita hannunsu ya zama abin saye da sayarwa, ta yadda ko ba su, zai ci gaba. Amalanke ɗaya da gari duka ke yabo, ranar da ya karye an gama. Ya roƙi maigida ya tsayar da aron. Mai so ya yi haya, ko ya sa a yi masa.

Allah da ikonsa, wanda ya fara zuwa washegari Baffa ne, ƙanen mahaifin maigida, tsoho mai 'yar gona can gefen gari. Shi ne ma waliyyinsa ranar aurenmu. Na ji sun gaisa, na ji Baffa ya ce sauran takinsa yake so ya kai kafin ruwa ya sauka. Sai na ji muryar mijina ta canza, ta koma wata siririya, kamar ba tasa ba.

"Baffa, wato mutanen jami'a sun ce, wai daga yanzu, sai dai haya. Ko mutum shi sa a yi mai."

"Haya."

"I, Baffa. Ba ni na ce ba."

"A'a, ba komi. Sana'a ta. Allah shi ba da kasuwa, ɗana."

Baffa ya tashi ya fita. Da ya yi faɗa, da ya fi sauƙi. Ya koma gida ya ɗaura wa tsohon jakinsa mangala. Kuma hanyar gonarsa ta ƙofar gidanmu ta bi, ba wata. Ya wuce da taki, ya dawo, ya sake wucewa, rana na dukansa, yana ɗingisa ƙafar nan tasa mai ciwo. Duk wucewa sai ya ce, "Sannunku da aiki." Ga amalanke jingine a inuwa, karo na farko tun da aka yi shi. Masu zaman zaure suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya. Har taubashin nan mai baki ya bi bayansu.

Na aika wa maigida da abincin rana, aka maido shi yadda yake. Inna ta leƙa ta dawo ta zauna, ta ce, "Da ubanai na da rai."

Bayan azahar na ji ƙarar tayoyi. Maigida ne da kansa ya ɗaura jaki, ya tafi gidan Baffa, ya kwashe takin nan kaf ya kai gona, har ya baza masa. Da ya shigo, jikinsa duk taki, ya tsaya tsakar gida ya ce mini, "Ban iyawa. Su zo su ɗauki injinsu."

Na kai masa ruwan wanka. Na san daidai ya yi, don ni ma ba zan iya haɗa ido da matan gidan Baffa ba in da ya bar tsohon nan ya kai yamma. Na kuma san abin da daidai ɗin zai jawo mini. Daminar nan duka, in na ga gero na tsawo sai in tuna kurmi. Mutane na murna da amfani, ni ina ganin ranar tafiya na matsowa.

Ana cikin haka aka yi rasuwa a maƙwabta. Cikin masu zuwa ta'aziyya akwai wani mutumin Kalgo, manomin shinkafa a bakin gulbi. Ya ga amalanken na kai tabarmi da itace gidan makoki, ya tambaya aka nuna masa zaurenmu. Ya yi sallama, suka gaisa irin gaisuwar waɗanda ba su san juna ba, gajeriya.

"Malam, wanga amalanke naka na?"

"Nau na. Yau shina gidan makoki, gobe an riga ka, amma jibi in kana so."

Mutumin ya kwashe da dariya, har ya tuna gidan mutuwa na kusa ya rage murya.

"Ni Kalgo nike, Malam. In na ara, yaushe zan maido? Kuma ban san ka ba, ba ka san ni ba, da wane ido zan roƙe ka? A yi mini nau."

Ludayi ne a hannuna, saura kaɗan ya faɗa cikin miya. Maigida kuwa sai da ya sa mutumin ya maimaita.

Ya yi masa, aka ɗora a babbar mota aka kai. Ba a jima ba wasu maƙwabtan mutumin suka aiko su ma. Na yi zaton a can ɗin ma aro zai cinye maganar, amma ashe shinkafa ba ta jira. In gulbi ya fara ja ko ya fara cika, kowa a rana ɗaya yake son kwashe tasa, ba mai iya cewa sai jibi. Sai dai duk da haka cinikin bai kai abin da aka sharɗanta ba, kuma kai kaya Kalgo daga Gwandu na cinye ribar.

Da kaka ta yi, Injiniya ya zo da motar ɗaukar inji. Na ji tsayuwarta, na ajiye tankaɗe na matsa jikin bango. Maigida ya gaya masa komai, har maganar Baffa, bai ɓoye ba. Ya gaya masa ta mutanen Kalgo. Injiniya ya yi ta tambaya: su waye, me suke nomawa, akwai wanda ya san maigida a can? Ya ce ba kowa.

"To, ashe kayan ba su da laifi," in ji shi, a hankali, kamar da kansa yake magana. "Kai ma ba ka da laifi. Ɗan gida ne kai a nan, shi ke nan. Ba a ciniki da ɗan gida."

Ya ce ga sabuwar jiha an yi, gine-gine sun tashi a Birnin Kebbi, masu jigilar yashi da bulo duk ta wajen Kalgo suke. Injin dai zai bar Gwandu, wannan ba makawa. Amma zai je ya roƙi manyansa a kai shi Kalgo, kuma a bar shi hannun wanda ya riga ya iya. Na gwajin kuwa a bar wa gari, ya riga ya zama nasu. Ban san irin faman da ya sha da su ba. Na san dai ya sake dawowa kafin a gama sussuka, muryarsa a shaƙe, ya ce an yarda.

Maigida ya shigo ya same ni ina tsince wake.

"Kin ji?"

"Ni da ke cikin gida, mi zan ji, Malam?"

"Ke? Ko kiyashi ya yi tari a zaure kin ji shi. Za ki bi ni?"

Na ce ina zan bar Inna, ina zan bar ɗakina, in je garin da ban san kowa ba? Ya ce dama ya san haka zan ce. Wai ma ya fi, don in ya je da iyali ya kama gida, kafin shekara ya zama ɗan gari, a fara aiko masa da gaisuwa da igiya a hannu, ana neman aro. Muka yi dariya, amma ni tawa ba ta kai ciki ba. Abin da na roƙi Allah shi ne miji a gida. Abin da na samu miji a Kalgo. Na daɗe ina juya wannan a raina, ina cewa Kalgo ba kurmi ba ce, in wani abu ya faru da safe, kafin la'asar ya iso. Wata rana in yarda, wata rana in ƙi.

Ya kama rumfa bakin kwalta. Duk Alhamis da yamma sai ya shigo motar kasuwa, ya yi Juma'a da mu, Asabar ya koma. Ciniki ya buɗe. Amma na lura yana ramewa, kuma ya rage magana, shi da in ya fara labari sai an ce ya isa. Wata Alhamis na zuba masa tuwo, na ga yadda yake ci kamar wanda aka kora.

"Malam, can ba a girki?"

"Ana yi. Ina saye a tasha."

"Kai kaɗai kake ci?"

Ya ce mutanen layin suna ciyayya bayan magariba, kowa ya fito da kwanon gidansa a haɗu a ƙofar wani dattijo. Tun makon farko suke kiransa. Dattijon har cewa ya yi ba sai ya kawo komai ba, baƙo ne, ya zo da hannunsa kawai. Shi kuwa kullum sai ya ce yana da sauran aiki, ya koma rumfa ya zauna bayan injin.

"In na sa hannu kwanonsu, kin san abin da ka biyo baya," ya ce. "Wanda kunka ci tuwo tare, in ya ce ara mini, ba ka ce mai haya."

Na dube shi. Na san abin da yake tsoro, don ni na fi shi tsoronsa. In ciniki ya mutu a Kalgo, ba sauran wani gari, sai kurmi. Amma na tuna yadda gidan nan ke zama in ba kowa, na ga ashe abin da na guje wa kaina shi na bari ya same shi, a garin mutane, da tuwon tasha.

Na ce, "Ka je ka ci da su."

"In kuma sunka fara?"

"Su fara. Ka ci dai."

Ranar Asabar na ɗaure masa daddawa da kuka da ɗan man shanu, na ce ya kai gidan dattijon, kada ya je hannu sake.

Sun fara ɗin kuwa, ba a daɗe ba. Dattijon ne ma ya fara, wai zai kai kara. Maigida ya ba shi. Sai dai zuwa lokacin amalanken ya riga ya yaɗu a Kalgo da Diggi, mai nema yana da ƙofofi da yawa da zai ƙwanƙwasa, ba tasa kaɗai ba. Kuma abin da ake ta ara yana saurin gajiya. Yau taya, gobe ƙarfe ya tsage, jibi katako. Gyaran nan shi ya riƙe rumfar fiye da sababbin, abin da ko Injiniya ya ce bai taɓa kawowa a ransa ba.

Bai sake zuwa kurmi ba. Bai kuma dawo Gwandu da zama ba sai da idonsa ya gaza da wutar walda. Autata ranar Talata aka haife ta. Aka ba direban motar kasuwa saƙo da hantsi, ana kiran la'asar na ji muryarsa a zaure, yana tambayar Inna wa jaririyar ta biyo.